Na'urar yanka tana cinye min gefen sitika, ga biki ranar Asabar

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu na'urar yanka ku taimaka min, kaina ya kulle. Ina haɗa humra da turaren wuta ne, to sai ƙanena ya aiko min da Cricut Explore Air 2 daga Amurka, wai in huta da kai aikin sitika waje. Yankan ledar da ake manna wa riga da kofi duk na iya, ba ni da matsala da shi. Amma wannan na a buga hoto a takarda sannan ta bi gefensa ta yanke, tun shekaranjiya nake abu ɗaya. Wani lokacin ta yi ta kunna 'yar fitilarta tana kai da komo, ƙarshe ta ce ba ta ga baƙaƙen alamomin da ake bugawa a gefen takardar ba. In kuma ta gani, layin sama ya fito da ɗan dama-dama, amma kafin a kai ƙasa wuƙar ta shiga cikin rubutu, ta cinye rabin sunan ango. Na karɓi aikin sitika 300 na kwalaben humra da za a raba wajen kamu ranar Asabar. Takarda tara na ɓata, kuma takardar nan ba ta da arha.

Ɗan Auta: Ta cinye sunan ango ta bar na amarya? Hajiya wannan na'urar tana da ra'ayi a kan auren nan, a bincika.

Maman Ilham: Kai dai bari ƙanina, yau ko dariyar ba ni da ƙarfinta.

Zainabu mai kek: Wa alaikumus salam Anti. Takardar taki mai sheƙi ce? In mai sheƙi ce to shi ne dalilin da ya sa ba ta ganin alamar. Idon na'urar haske yake aikawa kan takarda ya duba inda baƙi yake, to sheƙin nan sai ya mayar masa da hasken ya kashe masa ido. Ki nemi salatif marar sheƙi, irin mai hazo-hazon nan da biro ke iya rubutu a kansa, ki manna a kan baƙaƙen layukan kawai. Sannan ki kashe ƙwan ɗakin ko ki saki labule. Ni tawa a bakin taga take da farko, da hantsi ba ta taɓa karantawa, sai da na mayar da ita lungu.

Maman Ilham: Mai sheƙi ce kuwa, kuma a falo nake aikin ƙarƙashin farin ƙwai na sola. Bari in aiki yaro ya nemo salatif ɗin.

Baban Sadik: Ni fa gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Waɗannan ƙananan injina na wasa ne, an yi su ne don matan Turawa su riƙa yanka katin gaisuwa a gida. Sitika 300 ki kawo shago a ɗora miki a babban inji irin Roland, shi zai buga shi zai yanke a kan leda guda, kafin ki gama sallar la'asar an gama. Shekarata goma sha ɗaya a harkar nan. Kuɗin takardar da kika ɓata da ya biya miki rabin aikin.

Anti Bilki: Baban Sadik, tambaya ta yi a kan abin da ke hannunta. A fara warware mata, tallan shago ya biyo baya.

Malam Nura: Hajiya, matsala biyu ce kika haɗa a wuri ɗaya. Ta rashin ganin alama, Zainabu ta ba ki amsa. Ta biyun ita ce nake son ji. Kin ce sama daidai, ƙasa a karkace, wato kuskuren ƙaruwa yake yi. Da wace firinta kike bugawa?

Maman Ilham: Malam ba ni da firinta mai kala. Ajiye shi nake yi a PDF in tura wa wani yaro a shagon kwamfuta nan bakin titinmu ta WhatsApp, ya buga min a takardata.

Malam Nura: To nan nake zargi. Yi min abu ɗaya kafin ki sake ɓata ko takarda guda. Sitikar nawa ne faɗinta a cikin Design Space, manhajar da kike tsara aikin na'urar? Ki duba, sannan ki ɗauko rula ki auna wadda aka bugo.

Maman Ilham: Zagaye ce, na sa mata santimita 5. Wadda aka bugo kuma... ikon Allah. Ba ta kai ba Malam. Tana tsakanin 4.8 da 4.9.

Malam Nura: Shi ke nan, an kama ɓarawo. Na'urarki lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, a Amurka takardar da suke amfani da ita sunanta Letter, faɗinta inci 8.5 tsawonta inci 11, wato kusan milimita 216 da 279. Mu kuma A4 ce a kasuwarmu, milimita 210 da 297. Tamu ta fi tsawo, tasu ta fi faɗi. In fayil ɗinki ya fita a matsayin Letter, yaron shago ya zo bugawa a A4, kwamfutarsa za ta matse shafin don ya shiga, yawanci ma ba tare da ya lura ba, don zaɓin Fit to page a kunne yake. Raba 210 da 216 ki gani, kusan kashi 97 cikin ɗari ne. Kashi uku kamar ba komai ba, amma a tsawon santimita 25 ya zama milimita bakwai da rabi. Ita kuwa na'urar ba hotonki take gani ba. Ba ta san akwai sunan ango a wurin ba. Alamomin baƙi kawai take dubawa ta san inda takardar ta zauna, sannan ta bi zanen da ke cikin kwamfutarki da girmansa na asali. Shi ya sa kusa da inda ta fara abin ke yin daidai, tana nisa tana kaucewa.

Abin yi: a cikin Design Space ki tabbatar girman takarda A4 ne, wajen ajiye PDF ma A4. In kin je shagon kada ki tura yaro, ki je da ƙafarki ki tsaya a kansa ya zaɓi Actual size, wato kashi 100. Ya fara bugawa a farar takarda ta banza, ki fito da rularki daga jaka ki auna. Sai ta ba ki 5 cif sannan ki miƙa masa mai tsadar.

Zainabu mai kek: Malam Allah Ya ƙara ilimi. Wallahi ni ma na taɓa shan wannan wahalar, ban san sunan ciwon ba, firinta kawai na saya abin ya tafi.

Malam Nura: Amin. Ƙari guda: bayan kin ajiye PDF ɗin kada ki sake taɓa zanen, ko matsar da sitika ɗaya. In kin dawo daga shago ki buɗe aikin nan dai, ki zaɓi cewa kin riga kin buga, ki wuce zuwa yanka. In jerin ya canja tsakanin bugu da yanka, ko an buga da girman daidai ba za su haɗu ba.

Ummu Khalil: Sannunku da aiki, daga Maraɗi nake bin zancen. Ni dai matsalar kuran da rizo, wato wuta da intanet, ita ta sa na ɗauki na'urar Silhouette Cameo 4. Manhajarta, Silhouette Studio, tana aiki ko babu intanet sam, kuma ni nake zaɓar inda alamomin za su zauna, in matsa su gefe in samu fili. Nata alamomin uku ne, ɗan baƙin murabba'i a kusurwar sama ta hagu da wasu biyu masu kamar ƙugiya. Ban ce ba ta gardama ba, ita ma takarda mai walƙiya tana ruɗa ta. Amma in na zauna aiki ba na duba ko data ta ƙare.

Zainabu mai kek: Design Space ma yanzu ana iya ajiye aiki a kwamfuta a yanka ba intanet fa. Ɗora sabon hoto ne dai sai da data.

Ummu Khalil: To ai nan ɗin ne. Mu da kowane aiki sabon suna ne da sabon hoto, kullum cikin ɗorawa muke. Kin manta 2021 da kamfanin ya ce wanda ba ya biyan kuɗin wata hoto 20 kawai zai riƙa ɗorawa a wata? Sai da mutane suka yi ca a kansu sannan suka janye. Tun lokacin na ce ni dai a bar ni da abin da ke zaune cikin kwamfutata.

Zainabu mai kek: Ai sun janye ɗin. Kuma ke ma in kina son buɗe fayil ɗin zane irin SVG sai kin sayi manhajar ta kuɗi, Designer Edition, na kyautar ba ya buɗewa. Kowa da inda yake karɓar nasa. Ni sauƙin nake bi, ƙanwata 'yar aji uku a sakandare rana ɗaya ta koyi yanka min kwalliyar saman kek.

Anti Bilki: Ku biyun nan duk sanda aka ambaci na'ura sai kun yi wannan. Maman Ilham ba sayen sabuwa za ta yi kafin Asabar ba.

Ɗan Auta: Tambayar jahili. Ba wadda za ta kalli hoton da kanta ta yanke, ba sai an yi wannan bokancin na alamomi ba?

Malam Nura: Akwai. Brother ScanNCut tana da sikana a jikinta, za ka manna takardar ta ɗauki hotonta ta zana layin yanka da kanta. Ga wanda ke bugawa a shago kamar Hajiya da ta fi dacewa, don ba ruwanta da an matse shafi ko ba a matse ba. Sai dai tana son gefen hoto ya fito sarai. In launin ya yi fari-fari a kan farar takarda sai ta ruɗe. Kuma kafin ka sayi kowace iri, ka fara tambayar inda za ka samu wuƙarta da tabarmarta, wato faifan nan mai danƙo da ake manna takarda a kai, don su ne masu ƙarewa.

Baban Sadik: Malam Nura na yarda da bayaninka, amma mu yi lissafi tsakani da Allah. Filin da wannan injin ya saba ba ka a takarda inci 9.25 da 6.75 ne, wato wajen santimita 23 da rabi da 17. Sitika mai santimita 5 za ta shiga uku a faɗi huɗu a tsawo, 12 ke nan. Sitika 300 takarda 25. Kowace sai an manna a tabarma, an saka, ta karanta, ta yanke, an ɓare. In da almakashi ne ma 20 za ka jera a A4. Ga tawada, ga wuƙa, ga wuta. Ina ribar?

Malam Nura: Daga baya sun faɗaɗa filin, yanzu ana samun fiye da haka in manhajarka sabuwa ce. Amma ban musa maka ba, daga 500 zuwa sama ni kaina shago nake kaiwa. Inda muka rabu shi ne ƙaramin aiki. Mace ta zo tana son sitika 30 na suna, da sunan jariri, yau da daddare. Za ka kunna mata babban injinka a kan 30?

Baban Sadik: Sai dai ta jira in haɗa da na wasu.

Malam Nura: To ka ga wurin da muke ci. Kai kana da kasuwar dubu, mu muna da kasuwar talatin.

Hajiya Mairo: 'Yata Maman Ilham, ni ban san kan na'ura ba amma na shekara ashirin ina humra, bari in gaya miki abin da ba su faɗa ba. Humra mai ce da turare. Ɗigo ɗaya ya gangaro daga bakin kwalba ya taɓa sitikar, in ba a rufe ta ba tawadar sai ta narke, fuskar kwalbar ta koma kamar an yi kuka da kwalli. Na taɓa kai dozin biyar gidan biki, kafin a raba rabi sun dame a cikin kwali. Ki gwada ɗaya tukuna, ki shafa mata humrar da yatsa ki bar ta ta kwana.

Malam Nura: Gaskiyar Hajiya. Yawancin firintocin tanki da ke shagunanmu, irin su Epson L3250, tawadar kalarsu mai narkewa ce a ruwa. Maganinsa ledar lamineshin ta sanyi, wadda ake ɓarewa a manna ba sai da zafi ba. Sai dai ga tarkon: ledar ma sheƙi gare ta. Don haka ki yanka ta ta rufe sitikun kawai, ta tsaya kafin ta kai kan baƙaƙen alamomin. Ki kwantar da ita a hankali da tsohon katin ATM, daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, don kada iska ta shiga. Kuma tunda kauri ya ƙaru, sai kin ƙara wa wuƙar nauyi. Sannan ki tambayi mai shagon irin firintarsa. In takardarki ta firintar tawada ce kada a saka ta a firintar leza, zafin zai iya narkar da ita a ciki, ki fito da bashin gyara.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri Hajiya, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Malam, wajen yankan, so nake ta yanke sitikar kawai ta bar takardar baya, yadda yara za su riƙa ɓarewa suna mannawa da sauri. Jiya ta huda har tabarma.

Zainabu mai kek: Juya maɓallin zuwa Custom ki zaɓi abu marar kauri, ni da saitin washi, wato na siririn salatif ɗin takarda, nake farawa in ba lamineshin. In akwai lamineshin sai ki hau sama kaɗan-kaɗan. Ki gwada a kan takardun nan tara da kika ɓata, kin ga sun yi rana. Kafin ki fitar da tabarmar ki sa farce ki ɗaga gefen sitika ɗaya, in bai yanku ba ki sake danna maɓallin ta maimaita a kan layin. In kin riga kin fitar to ba za ta koma daidai wurin ba.

Sannan tabarma shuɗiya ki sa, mai ɗan danƙo kaɗan. Koriyar in sabuwa ce riƙe takarda take kamar ta ci bashinta. Wajen cirewa ki kifa tabarmar a kan tebur ki lanƙwasa ta ita, takardar ta zauna a miƙe. In kika ja takardar sama naɗewa za ta yi kamar tabarmar masallaci.

Ummu Khalil: Kuma da hunturun nan a riƙa mayar mata da ledarta ta sama da an gama. Ƙura kwana biyu take kashe danƙon. In ya mutu, tsumman goge jarirai marar barasa yana ɗan dawo da shi.

Ɗan Auta: Ni tawa matsalar daban ce, tunda an buɗe asibiti. Na rubuta sunan shagona a kan da'ira, maimakon ta yanke da'irar sai ta bi kowane harafi tana yankewa ɗaya-ɗaya. Na samu tulin haruffa kamar za a koya wa 'yan nazare.

Zainabu mai kek: Ba ka haɗe su ba ne. Ka zaɓi rubutun da da'irar gaba ɗaya ka danna Flatten, su zama hoto guda. Ko farar sitika kake so sai ka sa farar da'ira a baya, in ba haka ba ba ta san inda gefen yake ba.

Malam Nura: Tunda an zo kan rubutu: yawancin salon haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Za ka rubuta Ɗanladi ya fito da akwati a farko, ko harafin ya canja salo shi kaɗai. A duba da kyau kafin a buga. Rubutun Larabci ko ajami kuma gara ka tsara shi a wata manhajar kamar Canva, ka fitar da shi hoton PNG sannan ka ɗora, don kada haruffan su rarrabu.

Hajiya Mairo: In dai an zo nan, don Allah a daina sa aya ko sunan Allah a sitikar kwalba da ledar rabo. Ana gama biki a shara ake tsintarsu. "Mun gode" ya wadatar. Kuma 'yata, in da hali kada ki sa kwanan wata. Suna kawai.

Maman Ilham: Uwar amarya ce ta ce lallai a sa, Hajiya. Ba yadda na iya.

Baban Sadik: Shawara ɗaya kyauta, don kada a ce talla kawai na zo yi. Ki bar farin gefe kamar milimita biyu kewaye da zanen, ko ki bar launin bayan ya ɗan zarce layin yanka. Ko injina na miliyoyi yana kaucewa da rabin milimita. In zanenki yana da siririn zobe a daidai bakin, ƙaramar kaucewa ma sai ta nuna. Kuma kayan da aka aiko daga Amurka a riƙa duba bayan adaftar. Wutarsu 120 ce, tamu 230. In an rubuta 100 zuwa 240 to ba komai, kan fulogi kawai za a canja. Amma ki sa mata sitabilaiza, kada ki haɗa ta kai tsaye da ƙaramin janareta.

Maman Ilham: Na duba, 100 zuwa 240 ne. Zoben zinare kuwa akwai shi a bakin, bari in matso da shi ciki. Na gode Baban Sadik.

Maman Ilham: Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da rahoto. Na je shagon da rulata. Yaron da farko cewa ya yi shi shekara huɗu yana buga takardu ba wanda ya taɓa auna masa aiki. Na ce yau ka samu. Muka duba, ashe a kashi 96 yake fitarwa. Ya mayar 100, muka auna, 5 cif. Na dawo gida na saki labule, na sa salatif a alamomin, karo ɗaya ta karanta. Layin ƙasa ya fito kamar na sama. Saura wata 'yar kaucewa kamar kaurin gashi biyu zuwa dama, amma tunda na matsar da zoben ba mai gani.

Malam Nura: Madalla. Wannan 'yar kaucewar ita ce aikin Calibration. Za ta ba ki wata takarda ki buga a farar takarda, ita ma a kashi 100, ta yanka layuka masu lamba da masu harafi, ki gaya mata wanne ya fi hawa daidai. Amma ki bari sai bayan biki, kada a taɓa abin da ke tafiya.

Maman Ilham: Sai bayan biki kam. Gwajin Hajiya Mairo ma na yi, wadda ba lamineshin ta dame kafin asuba, mai lamineshin ko gezau. Takarda 19 na gama, saura shida.

Ɗan Auta: Ango ya tsira ke nan.

Maman Ilham: Innalillahi. Yanzu uwar amarya ta kira ni. Wai kayan ɗaki ba su iso ba, an ɗaga bikin da mako biyu.

Hajiya Mairo: Ban ce komai ba.

Zainabu mai kek: Anti kada ki zubar. Kwanan watan a ina yake, tsakiya ko ƙasa? In a layi ɗaya yake, ki yi 'yar siririyar sitika mai launin bayan da sabon kwanan ki manna a kai. Takarda biyu ko uku za su ishe ki duka 300.

Maman Ilham: A ƙasa yake, ƙarƙashin sunayen. Tsawonsa santimita 3, faɗin bai kai ɗaya ba. Malam Nura, abu ƙarami haka za ta iya yankewa ba ta yage shi ba, ko sai na sa sabuwar wuƙa?

Malam Nura: Za ta iya. Ki zagaye kusurwoyin kaɗan, kaifin kusurwa ne ke sa ta ɗaga takarda. Ki ciro wuƙar ki duba bakinta, bayan takarda 19 na lamineshin danƙo ya taru, ki goge shi tukuna. Kuma wannan karon ki ce wa uwar amarya ta turo miki kwanan a rubuce.